Tangaran ya fashe mani a baki, likita ya ce in sa zinari: amsar Inna

Assalamu alaikum Inna, barka da aiki. Ni magidanci ne, shekarata 41, ina zaune Mabera, sana'ata saida hatsi. Shekara uku da sunka wuce turmina na ƙasa ɓangaren dama ya yi kogo har sai da anka kashe jijiyar, anka sa mashi hula fara ta tangaran. Watan jiya ina zaune shago ina taunar busasshiyar aya sai na ji ƙas, gefen hular ya ɓalle. Na koma wurin likita, yac ce alama ta nuna ina niƙa haƙora cikin barci, kuma uwargida ma ta shaida hakan, wai in son samu ne a sa mani hular zinari. Yayana ya ce haramun ne namiji shi sa zinari, abokan kasuwa kuma tun yanzu sun fara ce mani Alhajin da bai hau jirgi ba. Ga kuɗin ba kaɗan ba. Wani maƙerin zinari ya ce in kawo ɗan kunnen matata guda shi narke shi yi mani a rabin kuɗi. Don Allah Inna mi kike gani?

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu ce komi, in ka riga ka ɗauko ɗan kunnen baiwar Allah ga to ka lallaɓa ka maida mata shi cikin adakarta tun ba ta lura ba, don ciwon haƙori ana maganinai a asibiti amma rigimar ɗan kunne sai an kira iyaye. Maganar maƙerin ga ka ajiye ta gefe ɗaya, zan gaya maka dalili in mun kai wurin.

Abin da ya rikita ka da yayanka da abokan kasuwarka duka abu guda ne, kun ɗauka hular da likita ke nufi ita ce haƙorin Makka da munka sani, alhali sunan zinari kawai sunka haɗa. Ni mai maganar ga na sa haƙorin Makka, kuma na yi shekara ashirin da wani abu ina miƙa ma likitocin haƙori kayan aiki kafin in aje aiki, don haka na ga duka biyun da idona. Shekarar da na sauke farali, ana saura kwana uku mu taso, munka bi ayarin mata zuwa wani ɗan shago a bene, mutumin ya buɗe wata 'yar akwati cike da ƙwansuna kamar ɓawon gyaɗa, ya ɗauki wanga ya gwada, ya ɗauki wancan ya gwada, wanda ya ɗan kama sai ya matse shi da 'yar filaya ya shafa gam ya tura mani a haƙorina lafiyayye da bai taɓa yi mani komi ba, ko minti goma ba a yi ba. Na dawo Sakkwato ina ta murmushin da babu dalili don a gani. Kuma wallahi na san aikin, na san ba haka ake yi ba, amma kin zo Makka kowa na sawa ke ƙaƙa za ki dawo baki fari. Bayan 'yan shekaru na fara jin wani ɗanɗano a wurin, dasashin ya yi ja, in na sa asuwaki sai jini, ranar da anka cire ƙwanson abin da ke ƙarƙashi ya yi laushi ya yi baƙi kamar dabinon da ya kwana cikin ruwa. Ba zinarin ya ci haƙorin ba, ratar da ke tsakanin ƙwanson da haƙorin ita ta zama rumbun tuwo da fura, buroshi ba ya kaiwa can. Wancan ado ne. Naka kuma gyaran haƙorin da ya riga ya mutu ne, can ƙuryar baki inda ba mai gani sai in ka yi hamma gaban mutane.

To mi ya samu turminka? Haƙorin da anka kashe ma jijiya an rarake cikinai, kogon ya ci wani sashe, injin likita ya ci wani, sai ya zama kamar tukunyar ƙasa mai siririn gefe, shi ya sa ake rufe shi da hula don kar wata rana shi tsage gida biyu har saiwa, in ko ya tsage haka to sai cirewa. Kuma turame ba wasa suke ba, namiji lafiyayye in ya dage ya cije da turminai ƙarfin na kai nauyin buhun siminti ko fiye, kai kuma ga shi ba da rana kaɗai kake cizo ba har cikin barci kana niƙa kamar injin markaɗe, a lokacin da hankalinka ba shi nan balle ka ji zafi ka sassauta. Tangaran kuwa sunanai tangaran. Yana da tauri ƙwarai, yana da kyau a ido, amma ba shi lanƙwasa ko kaɗan, in abin ya fi ƙarfinai sai shi fashe, kamar kofin shayin da ya faɗi kan siminti. Ba lallai ne likitan farko ya yi maka mugun aiki ba, bakinka ne bai dace da kayan ba.

Zinari halinai daban. Ba shi fashewa, ba shi ɓallewa, in ya sha matsi sai dai shi ɗan ba da kai kamar yadda cokalin azurfa ke lanƙwasa ba shi karye ba. Saboda haka ne ko an yi shi siriri shina riƙewa, kuma wanga shi ne amfanin da mutane ba su cika sani ba, don kafin a sa kowace hula sai an goge haƙori an rage shi ta sama da gefe don a samu wurin da hular za ta zauna, ta tangaran tana son a rage kamar milimita 1.5 zuwa 2 a saman, ta zinari kuwa wajen milimita 1 zuwa 1.5 ya isa, a gefe ma ƙasa da haka. Za ka ce rabin milimita mi ne ne, amma a haƙori da dukanai bai fi ƙwayar wake ba wanga dukiya ce, kuma abin da anka goge ba shi tsirowa. Kai dai an riga an goge naka tun farko, amma in hular zinari ce ba sai an ƙara cin wani abin kirki ba.

Sai haƙorin sama da ke haɗuwa da shi, wanda shi ba ruwanai, lafiyarshi lau. Tangaran in ƙyallin samanai ya goge sai shi zama kamar sanfefa, kullum shina kankare haƙorin da ke gabanai, na sha ganin mutum ya zo hula tana nan garau amma abokin cizonta ya lotse ya zama kamar turmin da anka daɗe ana daka a ciki. Zinari shi yana cinyewa ne a hankali kusan daidai da yadda haƙorin mutum ke cinyewa, sai su tsufa tare ba mai cutar wani. Ga mai niƙa cikin barci irinka wagga magana ta fi komi nauyi a wurina.

Abin da likitoci su kansu sunka fi yabo shi ne bakin hular, wato inda ta ƙare ta haɗu da haƙori kusa da dasashi. Nan ne ake cin kasuwar ko a faɗi. Hula ba ta ruɓewa, ko ta mi ce, haƙorin da ke ƙarƙashinta ke ruɓewa in ƙazanta ta samu ƙofa. Zinari ana iya zuba shi shi fito daidai ƙwarai, bakin shi yi siriri shi kwanta lif a jikin haƙori har likita shi bi da tsinken ƙarfenai bai ji tuntuɓe ba. Ba shi tsatsa cikin yawu, tsamiya da lemun tsami da nono ba su yi mashi komi, dasashi kuma na zama lafiya da shi. Akwai wani dattijo da ya zo mana, tsohon ma'aikaci, tun shina saurayi anka sa mashi a ƙasar waje lokacin karatu, duk haƙoran kusa sun zube ko an cike su amma wanga shina nan ya dushe kamar tsohon kwabo, ba abin da ya same shi. Hular zinarin da anka yi da kyau ta wuce shekara 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne.

Yanzu mu koma kan maƙerinka. Zinari tsantsa karat 24 ne, kuma ya yi laushi da yawa, in ka sa shi a turmi cikin ɗan lokaci za shi baje. Na kunnen mata wanda ake kawowa daga Dubai da Saudiyya galibi 21 ne ko 18, wato kashi 87.5 ko 75 cikin ɗari, sauran kuma ba ka san mi anka zuba ba, ga abin like da ake haɗa gaɓoɓin da shi, duk an yi su ne don fata ba don su kwana cikin yawu shekara da shekaru ba. Na haƙori haɗi ne na musamman, zinari da ɗan filatinam ko faladiyam da azurfa da jan ƙarfe, kowane da awonai, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ma ta sa ƙa'ida cewa mai daraja ta farko sai ya zama aƙalla kashi 60 cikin ɗari ƙarafa masu daraja ne irin su zinari da filatinam da faladiyam, kuma aƙalla kashi 40 zinari. Ko da ma ace zinarin maƙerin ya yi, ina za shi samu awon haƙorinka? A asibiti likita na goge haƙorin, shi cusa maka wani abu kamar ƙullu a cikin 'yar tire ka cije har shi daskare, a kai ɗakin masu haɗa haƙora su zuba su fidda bakinka sak na dutse, sai su gina hular da kaki a kai, su binne kakin cikin wani farin turɓaya mai jure wuta, su gasa har kakin shi narke shi bar gurbi, sannan a watsa narkakken zinari cikin gurbin. Wani likita a Shikago mai suna William Taggart ya yaɗa wagga hanya a aikin haƙori a 1907, amma ni dariya take ba ni don maƙeran tagulla na Ife da Binin sun yi ɗaruruwan shekaru suna zubi da kaki kafin a haife shi. Bayan an kawo sai likita shi gwada, shi sa maka wata 'yar takarda mai launi shi ce cije, niƙa, shi duba inda ta yi tabo shi rage, sai ya tabbata ba ta riga sauran haƙora taɓawa sannan shi like. Maƙeri gwani ne a sarƙa da warwaro, ban raina sana'arshi ba, amma abin da za shi yi maka ƙwanso ne irin nawa, kuma a kan haƙorin da ba shi da jijiyar da za ta yi maka ƙara in ya fara ruɓewa, sai dai ka tashi da kumburin muƙamuƙi.

Ba zan ɓoye maka aibin abin ba. Na farko kuɗi, kuma ba likita ke son kai ba, hular turmi na cin giram biyu ko uku na haɗin, zinari kuma a kasuwar duniya oza guda, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, ta haye dala 2,000 a 2020, ta haye 3,000 a watan Maris na 2025, ga naira tun 2023 ka fi ni sanin halin da take ciki tunda kai ke auna gero. Sannan ba kowane ɗakin haɗa haƙora ke aikin zinari ba yanzu, wasu sai sun aika wani gari, don haka ka sa ran jira da hular wucin gadi a baki. Ka kuma buɗe ido, akwai wani haɗi na jan ƙarfe da alminiyam mai launin zinari sak wanda ko ƙwayar zinari babu a ciki, yana da araha kuma shina dushewa a baki, in shi za a sa maka to a gaya maka gaskiya a karɓi kuɗinai, ba kuɗin zinari ba. Ka tambayi likita kai tsaye kashi nawa ne zinari a ciki, a rubuta maka a rasit, likitan kirki ba shi jin haushin wagga tambaya. Ka ce shi duba kuma ko akwai tsohon ciko irin mai launin azurfa a haƙorin da ke sama da shi, don ƙarfe biyu mabambanta in suna taɓa juna cikin yawu wani lokaci mutum kan ji ɗan zirr kamar ya lasa batir. Maganar sanyi da zafi da ake cewa zinari na ɗauka gaskiya ce, amma kai ba ta shafe ka ba tunda jijiyar ta tafi, ka sha ruwan ƙanƙararka a zafin Afrilu ba abin da za ka ji.

Maganar yayanka kuwa ba za a yar da ita ba, ya yi gaskiya a asali. Hadisi ya inganta cewa zinari da alharini haramun ne ga mazan al'umma, halal ga matansu. Amma akwai wani hadisin a Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i, na sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda anka sare ma hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya yi hanci na azurfa sai ya yi mashi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi shi yi na zinari. Imam Tirmizi da ya kawo hadisin ya ƙara da cewa an ruwaito daga malamai da dama sun ɗaure haƙoransu da zinari. A nan ne malamai sunka kafa hujjar cewa lalura daban, ado daban. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawansu sun ce in akwai wani abu da za shi yi aikin to namiji shi bar zinarin. Ni ba malama ba ce, iyakata Ahalari da Ishmawi da abin da na tsinta a islamiyya, don haka ga yadda za ka yi: ka koma wurin likita ka tambaye shi a fili, in ba zinari ba, akwai abin da za shi riƙe a bakin ga? Amsar da ya ba ka ita za ka ɗauka, ka ja yayanka ku tafi tare wurin malamin da shi yayan ya yarda da shi, ku faɗi cewa an gwada tangaran ya fashe, ku ji. Kar ka je kai kaɗai ka dawo kana ba shi labari, ba za shi karɓa ba, na san halin yayye. In alwala da wanka ke damunka, hula ba ta hana kurkure baki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki ma sunna ce.

Kuma gaskiya akwai wasu hanyoyin, ba zinari ko mutuwa ba ne. Akwai hular zikoniya, wani irin tangaran ne na zamani, fara ce amma ta fi tangaran ɗin da ka sani ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman wadda anka sassaƙa daga dunƙule guda ba a shafa mata tangaran a sama ba, in anka goge ta ta yi santsi sosai ba ta cika cin haƙorin sama ba. Akwai kuma hular farin ƙarfe zalla, ita ce mai araha, ba ta fashewa ita ma, sai dai ta fi zinari tauri, bakinta ba shi cika kwanciya kamar nashi ba, kuma in mai nikel ce wasu jikinsu ba shi karɓa, irin mutanen da agogon ƙarfe ke sa ma ƙaiƙayi a hannu. Har ma ka tambaya ko hular da ke bakinka yanzu mai ƙarfe ce a ƙarƙashi, don in tangaran ɗin sama kawai ya ɓalle kuma bakinta na nan a rufe, wani lokaci gogewa kawai ake yi ta ƙara kai ka wani lokaci kafin ka tara kuɗi. In kana son ji daga baki na biyu, sashen haƙori na asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan, ka yi sammako ka yanki kati.

In ra'ayina kake so, da bakin ɗan cikina ne, kuma malam ya ce ba laifi, kuma kuɗin ba za su taɓa jarin shago ko abincin gida ba, zinari zan ce, don turmi ne na baya, mai shi na niƙa, kuma an riga an gwada wani ya kasa. In malam ya hana ko kuɗin sunka ƙi, ka sa zikoniya ka kwana da hankalinka, ban yarda ka ci bashi a kan haƙori ba.

Su kuma 'yan kasuwa, ai kai ka ba su labari, da ka yi shiru har abada ba mai sanin mi ke turminka na ƙasa. Ka ce masu su haɗa maka kuɗin kujera ka cika sunan.

Abu guda da in ba ka yi shi ba duk wagga doguwar magana banza ce: niƙan daren. Zinarin ba za shi fashe ba amma sauran haƙoranka ba zinari ba ne, kuma saiwar da ke ƙarƙashin hular ma tana iya tsagewa. Ka ce likita shi auna maka robar da ake sawa a baki lokacin barci, kwana ukun farko za ka ji kamar ka tauna silifa, yawu na zuba, daga baya ka saba, uwargida ma ta samu barci. Ka rage shayi mai kauri da goro bayan magariba. Makilin mai fulorayid safe da dare, asuwakinka ka ci gaba da shi, ka nemi zaren sakace a kemis ka riƙa bi ta gefen hular maimakon tsinken ashana da kuke sokawa bayan tsire. Busasshiyar aya kuma a jiƙa ta ta kwana ko a yi maka kunu da ita, ƙashin kaza da ƙanƙara ka bar ma yara. Daga yau har ranar da za a gyara, ka riƙa tauna ta hagu, kuma in gefen da ya ɓalle shina yankar harshenka kar ka jira, ka je a goge maka shi ko gobe ne.